Tafiyar ƙafa a Shikoku, daga haikali na 1 zuwa na 23

Mahaifiyar abokin aikina ta rasu a farkon shekara. Tun tana da rai ta sha faɗa masa tana son ta zagaya haikalan addinin Buddha 88 na tsibirin Shikoku da ke Japan, ciwon gwiwa ya hana ta. Da kaka ta yi sai ya ce zai yi mata tafiyar, ko da kashin farko ne, wato na jihar Tokushima, daga haikali na 1 zuwa na 23. Ɗakin bincike ɗaya muke a wata jami'a a Osaka, kuma shi ya riƙe ni sa'ad da na zo Japan ko gaisuwa ban iya ba. Da ya tambaye ni ko zan raka shi ban yi jinkiri ba, amma na faɗa masa sharaɗina tun muna zaune. Ni Musulmi ne. Zan taka duk inda ya taka, zan riƙe masa kaya, amma ba zan rusuna wa komai ba, ba zan kunna turare ba, ba zan karanta addu'arsu ba. Ya ce shi abokin tafiya yake nema, kuma hakan ya ishe shi.

Ziyarar tana rataye ne da sunan mutum ɗaya, Kukai, wanda jama'a suka fi kira Kobo Daishi, laƙabin da fadar sarki ta ba shi a 921, shekara 86 bayan rasuwarsa. An haife shi a 774 a nan Shikoku, a yankin da yau ake kira Kagawa. Ya je ƙasar Sin a 804, ya yi karatu a birnin Chang'an, ya dawo a 806 da koyarwar da ta zama ɗariƙar Shingon ta addinin Buddha, sannan ya kafa cibiyarta a dutsen Koya a 816. Maziyarta suna cewa shi ya shata hanyar. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa a hankali ta haɗu, kuma talakawa sun rungume ta sosai a zamanin Edo, wato ƙarni na 17 zuwa na 19, musamman bayan wani malami mai suna Shinnen ya fitar da littafin jagora a 1687. Zagayen duka wajen kilomita 1,200 ne, mai tafiya a ƙasa yakan ci kwana 40 zuwa 50, wani ma fiye. Yawancin mutane yanzu a bas ko a mota suke yi, wasu kuma su yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane hutu su ci yanki ɗaya su koma gida. Ba wanda ke ganin hakan ragi ne.

Mun sauka daga jirgin ƙasa a ƙaramar tashar Bando, muka taka zuwa Ryozenji, haikali na farko. A gefensa akwai shagon da ake haɗa kayan maziyarci, a nan abokina ya yi sayayya: farar riga mara hannu da rubutu a bayanta, malfa mai tsini ta saƙar ciyawa, jakar rataya fara, kyandir, tsinken turare, damin ƙananan takardun suna, littafin hatimi, sai sanda. Mai shagon ta yi masa bayanin kowanne ba tare da gaggawa ba, ni kuma ina gefe ina saurare. Farar rigar, in ji ta, a da likkafani ce. Wanda ya fito wannan hanya ya fito ne a shirye ya mutu a kanta, kuma in ya faɗi, da ita za a rufe shi a kafa sandarsa alamar kabari. Sandar kuwa a wurinsu tana tsaye ne a madadin Daishi kansa, shi ya sa aka rubuta a jikinta cewa su biyu ne ke tafiya tare. Ba a shiga bayan gida da ita, kuma in an isa masauki, kafin mutum ya wanke ƙafarsa sai ya fara wanke gindinta ya jingine ta a wuri mai daraja.

Wannan bayani ya sa na san abin da ya dace da ni. Ban sayi rigar ba, ban sayi sandar ba, domin abubuwa ne masu ma'ana a wurin masu su, kuma ba na son in sa tufar ibadar da ba tawa ba kamar kayan ado. Na sayi malfa mara rubutu saboda rana da ruwan sama, na riƙe sandar hawan dutse ta ƙarfe da na zo da ita.

Abin da ake yi a kowane haikali iri ɗaya ne, kuma na kalle shi har na haddace. A bakin babbar ƙofa abokina yakan tsaya ya haɗa tafukan hannu ya rusuna, sannan ya tsallake dokin ƙofa, don ba a taka shi. Sai wurin ruwa, inda ake ɗiba da ludayi mai dogon hannu a wanke hagu, a wanke dama, a kurkure baki. Inda aka yarda a buga ƙararrawa yakan ja gungumen da aka rataye ya buga sau ɗaya. A shigowa kawai ake bugawa, bugun fita abin ƙi ne. Daga nan ya nufi babban ɗaki, ya kunna kyandir ɗaya da tsinken turare uku, ya jefa takardar suna a akwatinta, ya jefa tsabar kuɗi, ya buɗe ɗan littafinsa ya karanta Hannya Shingyo, wani gajeren nassi mai haruffa 260 da 'yan kai, da wasu addu'o'i. Sai ya koma ɗaki na biyu, wanda aka keɓe wa Daishi, ya maimaita duka. A takardar sunan yakan rubuta kwanan wata da garinsu da sunansa, a bayanta kuma sunan mahaifiyarsa. Hotonta yana cikin jakar rataya, yakan fito da shi ya riƙe yayin karatu.

Akwai ƙananan ladubba da suka burge ni fiye da manyan. Wanda ya riga zuwa yana kafa kyandir ɗinsa a layin can ciki, turarensa kuma a tsakiyar kaskon toka, domin wanda zai zo bayansa kada ya miƙa hannu ta kan wuta ya ƙone. Ba a kunna kyandir daga na wani, sun ce ɗaukar nauyin wancan ne. Duk wannan lokaci ni ina kan benci da jakunkunanmu, ba wanda ya taɓa yi mini kallon me ya kawo ka.

Bayan an gama ne ake zuwa ofishin hatimi, kuma tsarin yana da dalili: rubutun shaida ce cewa mutum ya yi karatu a wurin. Ma'aikacin yakan karɓi littafin, ya buga jan hatimi uku, ya tsoma burushi a baƙar tawada ya ja sunan abin bautar haikalin da sunan haikalin cikin 'yan daƙiƙoƙi, hannu ba ya rawa. Sai ya sa 'yar takarda tsakanin shafuka don kada tawada ta ɓata, ya haɗa da ƙaramin hoton abin bautar. Tun Afrilun 2024 kuɗin ya koma yen 500 daga 300, ana buɗewa ƙarfe 8 na safe a rufe 5 na yamma. Wannan ƙarfe biyar ɗin ita ke mulkin ranar mai tafiya a ƙasa, domin in ka makara da minti kaɗan sai ka dawo gobe. Wanda ya sake zagayowa ba a yi masa sabon rubutu, hatimi kawai ake ƙara bugawa a kan na da. Mun haɗu da wani dattijo da shafukan littafinsa suka rine ja wur, baƙin rubutun ma da ƙyar ake gani. Takardar sunansa ruwan azurfa ce, alamar ya zagaya aƙalla sau 25. Ta sabon shiga fara ce, daga zagaye na 5 ta koma koriya, daga na 8 ja, daga na 50 ruwan zinariya, wanda ya kai 100 kuma tasa ta saƙa ce. Iyalai da yawa suna sa littafin a akwatin gawar mai shi.

Haikalai goman farko suna jere a arewacin kogin Yoshino, kusa da juna, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin gonaki da gidaje. Daga na 1 zuwa na 2, Gokurakuji, bai kai kilomita biyu ba. Ana bin jajayen kibiyoyi da aka manna a jikin turakun lantarki da shingen hanya, wani wuri kuma tsohon dutse ne da aka sassaƙa hannu yana nuni. Wahalar farko ita ce matakala 333 na Kirihataji, na 10.

A wannan yanki na fara cin karo da abin da suke kira osettai, kyautar da mutanen gari ke yi wa maziyarci. Muna wucewa ta wani lungu wata tsohuwa ta fito daga lambunta tana kiran "Ohenro-san", wato maziyarci, ta miƙo mana lemo da tsabar yen ɗari-ɗari. Abokina ya raɗa mini cewa ba a ƙin karɓa, domin mai bayarwa tana ganin ta shiga cikin ladan tafiyar ne, sau da yawa ma ita ba ta da ƙarfin yin ta. Ya karɓa da hannu biyu, ya ambaci sunan Daishi sau uku, ya ba ta takardar sunansa, haka ake ramawa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don ba na son ta ba ni a kan zaton da ba haka ba. Na roƙe shi ya gaya mata ni baƙo ne Musulmi daga Nijeriya, rakiya na yi, ba na ibada a haikalan. Ta saurara har ya gama, ta dube ni, ta dubi takalmana, ta ce ai hanyar ɗaya muka tako, ƙishirwar ma ɗaya ce. Ta ƙara mini lemo. Na yi mata godiya da ɗan Japanancin da na iya, na kuma yi mata addu'a a zuciyata.

Daga ranar abin bai yanke ba. Wani direba ya tsaya ya ba mu shayi mai sanyi a gora. Wata mai shago ta ƙi karɓar kuɗin burodi. A wasu ƙauyuka an gina rumfunan hutu, an ajiye butar shayi da alewa da littafin da mai wucewa zai rubuta gaisuwa, ba kowa a wurin. Al'adar ba ta samo asali daga jin daɗi ba. A zamanin da, cikin masu zagayen nan akwai matalauta da marasa lafiya, har da kutare da danginsu suka kora, waɗanda ba su da gidan komawa sai su yi ta zagaye suna bara har ajali. A gefen hanya, musamman cikin daji, mun ga ƙananan duwatsun kabari da gansakuka ta rufe, na maziyartan da suka mutu a nan mutanen ƙauye suka binne su. Da na tsaya a kansu sai na tuna labarin da kakata ke ba mu na alhazan ƙafa, waɗanda suka bi ta Chadi da Sudan suna shekaru a hanya, suna ci daga hannun mutanen da ba su san su ba, wasu suka isa, wasu suka zauna a can, wasu aka binne su a inda ƙarfinsu ya ƙare. A ganina haikalan Shikoku ba su ne suka riƙe wannan hanya ba, mutanen da ke zaune a bakinta ne.

Tsakanin na 10 da na 11 ana ƙetare kogin Yoshino ta wasu ƙananan gadoji marasa shinge, da aka gina don ruwa ya bi ta kansu in ya yi ambaliya. A kan gada abokina yakan ɗaga sandarsa kada ta taɓa ƙasa. Dalilin labari ne da ake bayarwa cewa Daishi ya taɓa rasa masauki a Ozu, can jihar Ehime, ya kwana a ƙarƙashin gada cikin sanyi, don haka ba a ƙwanƙwasa gada kada a tashe shi.

Fujiidera, na 11, na ɗariƙar Zen ne, domin ba dukan haikalai 88 ne na Shingon ba. Daga bayan babban ɗakinsa hanyar dutse take farawa, kuma ita ce kowa ke yi wa sabon maziyarci kashedi a kai. Kilomita 13 ne kacal zuwa Shosanji, na 12, amma ana tashi daga kusan gindin kwari a hau, a sauka, a sake hawa, a gangara har bakin rafi, sannan a yi hawan ƙarshe zuwa tsayin mita 700. An raba wuraren da suka fi tsanani kashi shida, kowanne da allonsa. Babu shago, babu injin sayar da abin sha. Mun bar masauki da asuba da ƙullin shinkafa da mai gida ta naɗe mana kyauta, da ruwa mai yawa. Ƙasar saiwoyi ce da duwatsu masu santsi a ƙarƙashin dogayen itatuwan sida, rana ba ta ratsowa sosai. A rassan itatuwa an rataye ƙananan alluna da waɗanda suka riga wucewa suka rubuta kalmomin ƙarfafa gwiwa. A wuri mafi tsayi, Joren-an, ana hawa wata matakalar dutse a ɗaga kai a ga babban mutum-mutumin Daishi a tsaye, bayansa wata ƙatuwar bishiya. A nan abokina ya zauna ya yi kuka, karo na farko da na ga hawayensa tun rasuwar. Ban ce masa komai ba, na zauna kusa da shi har ya tashi. Hawa na shida, bayan an riga an gangara ƙasa gwiwoyi sun mutu, shi ne mafi wuya. Mun isa da sauran lokaci kafin a rufe ofis.

A gangaren Shosanji akwai wani ɗan wuri, Joshin-an, da ake dangantawa da Emon Saburo, wanda ake cewa shi ne maziyarci na farko. Labarin ya ce attajiri ne marowaci daga Iyo, wato Ehime ta yau, wani malami ya zo bara ƙofarsa ya fasa masa ƙoƙo gida takwas, daga baya 'ya'yansa takwas suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da ya gane Daishi ne ya wulaƙanta sai ya bar dukiyarsa ya bi sawunsa, ya zagaya tsibirin sau 20 bai same shi ba, sai ya juya ya bi ta baya, suka haɗu a nan yana bakin mutuwa, ya nemi gafara. Har yau akwai masu yin zagayen daga na 88 zuwa na 1 saboda wannan labari.

Ga Musulmin da ke tunanin irin wannan tafiya, masauki da abinci su ne abin shiri. Mun fi kwana a ƙananan gidajen baƙi na iyali, wajen yen 7,000 zuwa 8,000 da abincin dare da na safe, kuma dole a buga waya tun kafin ranar, domin sai an san da zuwanka ake dafa naka. A wayar abokina yakan faɗa cewa ba na cin naman alade ko wani nama, kuma kada a zuba mini giyar shinkafar da suke sa wa miya. Ba wanda ya nuna gajiya. Kifi gasasshe, shinkafa, ƙwai, awara da ganye sun wadatar da ni. Wanka a irin waɗannan gidaje bi da bi ake yi, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, don haka babu matsalar tsiraici. Salla kuwa ƙasaru na yi, ina haɗa azahar da la'asar a rumfar hutu ko a gefen gona, in fuskanci yamma da ɗan karkata arewa, don can alƙibla take daga Japan. Ban taɓa yin salla a harabar haikali ba, wurin masu shi ne. Kamar yadda nake riƙe masa jaka yana karatu, haka yake tsayawa nesa kaɗan yana gadin kayanmu ina salla.

Na 13 zuwa na 17 suna kewayen birnin Tokushima, tafiyar kwalta ce da hayaƙin motoci, mun wuce su da sauri. Abu ɗaya ya tsaya mini: a Dainichiji, na 13, titi kawai ya raba haikalin da Ichinomiya, wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan. A da a haɗe suke, har gwamnatin sarki Meiji ta ba da umarnin raba addinin Buddha da na Shinto a 1868. Mutane kuwa har gobe suna ƙetare titin su gaida duka biyun.

Kakurinji da Tairyuji, na 20 da na 21, duwatsu ne biyu da ke kallon juna, kogin Naka a tsakaninsu, sai an sauka har ƙasa a sake hawa. Akwai keken igiya da ke kai mutane Tairyuji, amma abokina ya ce da ƙafa ya yi alkawari. Tairyuji yana da nauyin da yawancin sauran ba su da shi, domin ba labarin baka kaɗai ya haɗa shi da Kukai ba. A littafinsa Sango Shiiki na 797 shi da kansa ya rubuta cewa ya yi halwa a dutsen Tairyu na Awa, wato Tokushima ta yau, da kuma tsinin Muroto na Tosa, wato jihar Kochi ta yau, yana saurayi. Da sanyin safiya, hazo na ratsa tsofaffin itatuwa, na fahimci abin da zai sa mai neman kaɗaici ya zaɓi nan.

Yakuoji, na 23, yana garin Hiwasa, a nan muka fara ganin teku sosai. Mutane na zuwa daga nesa neman tsari daga shekarun da suke ɗauka na haɗari a rayuwa, 33 ga mace, 42 ga namiji. Matakalar mata 33 ce, ta maza 42, kuma mai hawa yana ajiye tsabar yen ɗaya a kowane taki, har gefen matakalar ya yi fari da kuɗi. Abokina ya hau duka biyun, ya ce ta matan domin mahaifiyarsa ce. Da aka buga hatimin ƙarshe na jihar ya rufe littafin ya naɗe shi a ƙyalle, zai kai wa mahaifinsa ya gani.

Daga nan zuwa na 24, Hotsumisakiji a tsinin Muroto, wajen kilomita 75 ne a gaɓar teku, babu ko ɗaya daga cikin haikalai 88 ɗin a tsakani. Abin da ke damun masu tafiya a ƙasa yanzu shi ne wurin kwana. Ko a Tokushima, gidajen baƙi da dama da ke cikin littafin taswirarmu mun kira mun tarar sun rufe, masu su sun tsufa, 'ya'yansu suna Osaka ko Tokyo. Wata mai masauki da ta haura saba'in ta gaya mana ita kaɗai ke dafawa da shara da wanki, kuma ta rage yawan baƙin da take karɓa a dare. Inda gida ɗaya ya rufe, tafiyar yini takan ƙaru da awa biyu ko uku, wanda ga dattijo mai sanda ba ƙaramin abu ba ne. Mun hau jirgin ƙasa a Hiwasa muka koma Osaka da shawarar za mu ci gaba da kashi na biyu, na jihar Kochi, bayan ƙaramar Sallah, kuma tun watan Janairu zai fara kiran masaukan gaɓar teku don mu san waɗanda suka rage.